Wa Ya Koya wa Ma'aikacin Banki Aikinsa?

Mai karatu, a wannan shafi muke kawo maka a rubuce abin da muka tattauna a shirinmu na tarihi. Wannan karon tambayar wani mai saurare ce ta ja mu. Bawan Allahn nan yana fataucin wake ne tsakanin Maraɗi da Jibiya, ya bugo waya ya ce da mu: likita an san makarantarsa, direba ma sai ya ci jarrabawa kafin a ba shi mota, to shi wannan yaron da ke zaune bayan gishe yana karɓar kuɗin jama'a, wa ya koya masa aikin, kuma in ya ci amana wa ke hukunta shi? Ya ce shi dai har gobe kuɗinsa suna gida, don mahaifinsa ya taɓa yin asarar ajiya a banki, tun daga nan gidansu ba wanda ya sake kusantar wurin.

Tambayar tana da amsa, sai dai amsar tana da tsawo, don ta kai shekara 150 ana ƙoƙarin ba da ita. Za mu bi ta daki-daki, daga kasuwannin kakanninmu zuwa Sikotland, daga can mu sauka Legas, sannan mu dawo gida Nijar.

Kafin zuwan banki

Kada ka ɗauka ajiya da rance sun fara ne da zuwan Turawa. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canjin dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. Ka ga kuwa mai cinikin dala ɗari ba zai iya yawo da wurinsa a aljihu ba, sai jakuna. Saboda haka manyan fatake da bashi da amana suke ciniki. Falke ya taso daga Damagaram ko Katsina da shanu ko kanwa, ya sauka gidan maigidansa a zangon Salaga, ko daga baya Kumasi, ko Sabon Ibadan. Maigida ne zai ba shi masauki, ya sa dillalansa su sayar da kayan bashi ga mutanen da baƙon bai taɓa gani ba, ya tsaya masa a kan bashin, ya kuma ajiye masa kuɗin har ranar komawa. In mai saye ya gudu, maigida ne zai biya.

Wannan aiki ba a ranar farko ake damƙa wa mutum shi ba. Yaro yakan yi shekaru a gaban maigidansa yana aike, yana ƙirga, yana koyon wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. In ya nuna gaskiya a yi masa aure a ba shi jari. In kuwa ya taɓa kuɗin baƙo, labarin zai riga shi isa kowane zango, ba kuma wanda zai sake saukar masa da kaya. Abu biyu ke nan a haɗe: akwai koyarwa, akwai kuma hukunci. Riƙe waɗannan biyun a ranka, mai karatu, don su ne za mu riƙa nema a duk inda muka je cikin wannan labari.

Inda aka fara jarrabawar banki

A Birtaniya ma da farko haka ake koyon aikin banki, yaro ya shiga yana ɗan shekara goma sha, ya yi ta kwafar lissafi har ya girma. Amma bankunan sun yi ta buɗe rassa har mai banki ya daina sanin ma'aikatansa da ido, kuma an sha ganin asara. Wani babban banki na Sikotland, Western Bank, ya durƙushe a 1857, wani gidan kuɗi na Landan mai suna Overend Gurney ya bi shi a 1866. A 1875 sai ma'aikatan banki na Sikotland suka kafa cibiyarsu a Edinbara, wadda za ta riƙa koyarwa tana yin jarrabawa tana ba da takardar shaida. Ita ce irinta ta farko a duniya, tana nan kuma har yau.

Shekara uku kacal bayan haka, a watan Oktoban 1878, bankin City of Glasgow ya rufe ƙofa. Da aka buɗe littattafansa sai aka tarar shugabanninsa sun daɗe suna shirya lissafin ƙarya, suna zuba rance ga wasu ƴan tsirarun kamfanoni na kusa da su. A dokar wancan zamani mai hannun jari shi ke biyan bashin banki da duk abin da ya mallaka, don haka mafi yawan masu hannun jarin, ciki har da zawarawa da ƙananan ƴan kasuwa, suka talauce. An gurfanar da shugabannin, aka ɗaure su. A 1879 majalisa ta yi dokar da ta sassauta wa masu hannun jari wannan nauyi, ta kuma kawo mai binciken lissafi daga waje. A wannan shekarar ce kuma aka kafa Cibiyar Ma'aikatan Banki ta Landan, wadda jarrabawarta za ta bi tutar Ingila zuwa duk ƙasashen da ta mallaka.

Legas da Kano

Bankin da ya fara kafuwa sosai a Najeriya shi ne Bank of British West Africa, wanda aka kafa a 1894. Shi ne yau ake kira First Bank. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma kasuwar gyaɗa ta buɗe, bankin ya biyo hanyar dogo zuwa Arewa. Har yanzu a Kano ana ba da labarin ranar da Alhassan Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma ashirin. To amma bankunan Turawa sun fi son karɓar ajiyar baƙar fata a kan ba shi rance, kuma ɗan ƙasa in ya shiga aikin, da wuya ya wuce kujerar akawu.

Wannan ne ya tunzura ƴan kasuwar Legas suka fara kafa nasu. Na farko, Industrial and Commercial Bank, an buɗe shi a 1929, bai yi shekara biyu ba ya mutu. National Bank na 1933 ya daɗe, Agbonmagbe na 1945 shi ne Wema na yau. Bayan yaƙin duniya na biyu kuwa, abin ya zama kamar buɗe shago. A lokacin babu dokar da ta ce sai kana da jari kaza ko ilimi kaza, in ka yi rajistar kamfani ka kafa allo, ka zama mai banki. Mutane suka yi ta kai ajiya don kishin ƙasa. Gwamnatin mulkin mallaka ta sa wani jami'i mai suna Paton ya yi bincike a 1948, aka fito da dokar banki ta farko a 1952, wadda ta wajabta lasisi da mafi ƙarancin jari. Kafin tsakiyar shekarun 1950 mafi yawan waɗannan ƙananan bankuna sun rushe da kuɗin jama'a a ciki. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: jari kaɗan, littattafan lissafi a hargitse, masu banki suna ba kansu da danginsu rance, ga ma'aikata da ba wanda ya taɓa koya musu bambancin kuɗin ajiya da riba.

Babban Bankin Najeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 1959, Bankin Arewa kuma ya buɗe a Kano a daidai wannan tsakani. Ƴanci ya zo, Turawa za su tafi, ana bukatar ƴan ƙasa da za su hau kujerun manaja. Sai a watan Nuwamban 1963 ma'aikatan banki a Legas suka buɗe reshen cibiyar Landan. Karatun a Legas ake yi da yamma bayan an tashi aiki, amma takardun jarrabawa daga Landan suke zuwa, can kuma ake duba su. Haka aka tafi har 1976, lokacin da aka yi wa cibiyar rajista da sunan Najeriya ta tsaya da ƙafafunta, a daidai zamanin da gwamnati ke mayar da kamfanonin waje hannun ƴan ƙasa. A 1990 doka mai lamba 12 ta ba ta matsayin hukuma, ta zama abin da ake kira CIBN a taƙaice. Hedikwatarta tana unguwar Victoria Island a Legas, takenta kuma kalma biyu ne, amana da gaskiya.

Namu ɓangaren

Mu a nan wata hanya dabam muka gada. Faransa ba ta bar mana ƙungiyar ma'aikata mai yi wa kanta jarrabawa ba, ta bar mana babban banki guda na ƙasashe da yawa, wato BCEAO, da kuɗin sefa da aka ƙirƙiro a watan Disamban 1945. Shekaru da dama bayan ƴanci hedikwatar wannan banki tana Paris, sai a 1978 ta koma Dakar. Don a samu ƴan Afirka da za su karɓi aikin daga hannun Faransawa ne bankin ya buɗe makarantarsa a Dakar a 1977, wadda ake kira COFEB. Tana horar da ma'aikatan babban banki, da na sauran bankuna, da na ma'aikatun kuɗi na ƙasashe takwas masu amfani da sefa ta yamma. Akwai kuma takardar ITB ta Faransa, wadda ma'aikatan banki da yawa a ƙasashe masu Faransanci suke karatunta suna kan aiki. Ƙungiyar da muke da ita a Yamai, APBEF, ta bankunan ce su kansu, ba ta ɗaiɗaikun ma'aikata ba.

Bambancin ke nan a taƙaice. A Najeriya ma'aikaci yana da ƙungiyar sana'a da ta rubuta sunansa a littafi, tana kuma iya goge shi. A Nijar makaranta ce ke ba shi takarda, hukunci kuma yana hannun bankin da ya ɗauke shi, da hukumar sa ido, da kotu.

Mu ma mun ɗanɗana tamu asarar. An kafa BDRN, bankin raya ƙasa na Jamhuriyar Nijar, a 1961, kuma dattawan kasuwar Maraɗi za su gaya maka cewa alhazai da yawa da rancensa suka bunƙasa. Lokacin da kuɗin yuraniyom ke shigowa a shekarun 1970 ba wanda ya damu da wa ya biya, wa bai biya ba. Da farashin ya faɗi a farkon shekarun 1980 sai asiri ya tonu: basussuka sun taru a hannun kamfanonin gwamnati da manyan mutane da ba a iya matsa wa. A 1990 aka rufe BDRN, aka kafa SONIBANK a gurbinsa. Ba mu kaɗai ba ne, Benin da Senegal da Kwaddibuwa duk sun ga rushewar bankuna a wannan tsakani. Shi ya sa a 1990 ɗin ƙasashen suka haɗu suka kafa hukumar sa ido kan bankuna mai mazauni a Abijan, wadda ke da ikon bincika littattafai, ta sauke shugaban banki, ko ta janye lasisi. Mai saurarenmu bai faɗa mana wane banki ne ya ci kuɗin mahaifinsa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Amma duk wanda ya rayu a wancan zamani ya san abin da ake nufi da a ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Takarda ta isa?

Yanzu ga wurin da tambayar take da ƙashi. A Najeriya, bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, an sassauta ba da lasisi, bankuna suka tashi daga kusan 40 zuwa kusan 120 cikin ƴan shekaru. Ƙwararrun ma'aikata ba su ninka haka ba, sai aka shiga sayen ma'aikata daga wannan banki zuwa wancan, wanda jiya yake kashiya yau ya zama manajan reshe. Da yawa daga cikin sabbin bankunan kuma cinikin canjin dala ne ya kawo su. An kafa hukumar inshorar ajiya, NDIC, a 1988, aka yi dokar kotunan bankunan da suka durƙushe a 1994, kuma a watan Janairun 1998 aka janye lasisin bankuna 26 a rana ɗaya. A 2004 Charles Soludo, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya ce kowane banki sai ya tara jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25. A nan ne Bankin Arewa ya narke cikin Unity Bank.

Sannan sai 2009. Ranar 14 ga Agusta, Sanusi Lamiɗo Sanusi, wanda ya gaji Soludo, ya sauke shugabannin manyan bankuna biyar, aka zuba naira biliyan 420 don kada kuɗin masu ajiya su salwanta. Daga baya wasu bankunan suka biyo, kuɗin ya kai biliyan 620. To mai karatu, waɗannan shugabanni ba jahilai ba ne. Masu digiri ne, sun yi shekaru a aikin, sun sha karɓar lambobin yabo. Abin da aka tarar a littattafansu kuwa, kusan shi ne abin da aka tarar a Gilasgo a 1878 da Legas a 1952 da Yamai a 1990: rance ga kai da na kusa, da lissafin da aka yi wa kwalliya. Jarrabawa tana iya hana kuskuren rashin sani, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, don yawancin bankunan 1950 rashin sanin ne ya kashe su. Amma wanda ya san aikin ya kuma zaɓi cin amana, ilimin nasa ma taimaka masa yake yi wurin ɓoye sawu.

Cibiyar ta Legas ta gane haka. Dokar da aka sabunta mata a 2007 ta ba ta kwamitin bincike da kotun ladabtarwa, mai iya tsawata wa ɗan ƙungiya, ko dakatar da shi, ko cire sunansa. Akwai kuma kwamitin ɗa'a na bankuna da ke zama a ofishinta, inda mai ajiya zai iya kai ƙara in an yi masa cajin da ya wuce ƙa'ida ko an taɓa masa asusu, bayan ya fara kai kuka bankinsa. A yau, ban da babbar jarrabawarta ta ACIB, tana da kwas na musamman ga ma'aikatan ƙananan bankunan talakawa. A 2017 ma ita ce ta karɓi baƙuncin taron cibiyoyin banki na duniya a Legas. In ka lura, abu biyun nan na gidan maigida ne ake ƙoƙarin sake haɗawa, koyarwa da hukunci, sai dai yanzu tsakanin mutanen da ba su san juna ba.

Abin da ya rage

A ganina akwai gurbi biyu da suka shafe mu mazauna bakin iyaka, kuma har yanzu ba a cike su ba. Na farko harshe ne. Ana koyar da ma'aikaci da Turanci ko Faransanci, takardar rance ma da su ake rubuta ta, alhali wanda zai dangwala yatsa Hausa yake ji ko Zabarmanci ko Barbarci. Ma'aikacin da ba zai iya bayyana wa tsohuwa mai ƙosai nawa za ta biya a ƙarshe, da abin da zai faru da jinginarta in ta makara ba, karatunsa bai kammala ba ko da takarda nawa ya tara. Haka ma batun ruwa, wanda ke hana mutane da yawa shiga banki. Akwai bankin Musulunci a Yamai tun shekarun 1980, Jaiz kuma ya fara aiki a Najeriya a 2012, amma sai an samu ma'aikacin da ya fahimci yadda cinikin yake da gaske kafin ya iya gamsar da mai tambaya.

Na biyu, yawancin kuɗin talaka yau ba ta gishen banki suke bi ba. Suna bi ne ta hannun mai POS a bakin kasuwa, da gidajen aika kuɗi, da ƴan canji, da wayar salula. Da yawa cikin waɗannan matasa sun koyi aikin ne a gaban wanda ya riga su, kamar yaran fatake na da, sai dai babu zangon da zai kore su in sun yi ba daidai ba. Wanda ya ga abin da ya faru a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya san inda abin ke ciwo. Ƴan kasuwarmu da ke riƙe da buhunan naira a gida sun rasa inda za su kai su, wasu suka sayar da su a wulaƙance. Dattawa kuma sun tuna irin wannan ta faru a 1984, da iyaka a rufe. Ajiyar gida ma tana da nata macijin.

Don haka ga abin da muka ce da mai saurarenmu, kai ma muke ce maka. Kafin ka ajiye kuɗi a ko'ina, tambayi ko wurin yana da lasisin babban banki. Tambayi ko yana cikin inshorar ajiya, kuma har nawa take biya, don tana da iyaka. A Najeriya an ɗaga iyakar daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 ga manyan bankuna a 2024, kuma a shekarar ce aka rufe Heritage Bank aka fara biyan masu ajiya da ita. Ƙasashen sefa ma suna da irin wannan asusu tun 2014. Kada ka bar gishe ba tare da takardar shaida ba, kada ka sa hannu a abin da ba a fassara maka ba, kada kuma ka ba kowa lambar sirrinka, ko da ya ce daga banki yake. In an zalunce ka, rubuta ƙara ka ajiye kwafi. Kotun ladabtarwa da hukumar sa ido ba sa motsi sai an kai musu magana, kuma ma'aikacin da ya san mutanen garinsu suna kai ƙara yakan yi tunani sau biyu.

Mai saurarenmu ya ce zai yi shawara. Mun roƙe shi in ya je, ya sake bugo mana ya faɗa mana yadda aka karɓe shi da irin amsar da aka ba shi, don mu karanta wa jama'a. Kai ma in kana da naka labarin, na daɗi ko na ɓacin rai, ƙofar shirin a buɗe take, ba sai ka ambaci sunan kowa ba.